Motar da Ta Tsaya a Ƙofar Ya Kellu

Ba su yi sallama ba. Abin da na fara lura da shi ke nan, tun kafin in kalli fuskokinsu. Ina zaune a kan tabarma a tsakar gidan maƙwabciyata Ya Kellu, ina ba 'yata Mu'mina nono, ita kuma tana juya itacen turare a cikin sukarin da ta narkar a babbar tukunya, sai labulen buhun da ke bakin zaure ya ɗaga, maza uku suka shigo har tsakar gida.

Na ja mayafi na rufe ƙirjina. Mu'mina ta saki nono ta tsala ihu.

"Bayin Allah, lafiya?" in ji Ya Kellu, muciya a hannunta. "Nan gidan mata ne."

"Ke ce Kellu mai turare?" in ji na gaban, wani dogo mai farar riga da biro a aljihu.

"Ni ce."

"Littafin cinikinki muke so, da wayarki."

Babu kaki a jikinsu, babu bindiga. Bai jira amsarta ba, ya yi wa na bayansa alama da kai. Wannan ya tuɓe takalmi ɗaya, ya fasa tuɓe ɗayan, ya shige ɗakin kwananta. Daga inda nake ina hango shi. Bai ɗaga katifa ba, bai buɗe akwati ba. Kai tsaye ya durƙusa, ya jawo kwalla ta uku daga ƙarƙashin gado, ya buɗe, ya fito da littafin makaranta mai shuɗin bango. Kamar shi ya ajiye shi a wurin.

"Daga ina kuke?" Ya Kellu ta tambaya. Muryarta ta yi ƙasa.

"Haraji," in ji dogon. Sau ɗaya ya faɗa, a hankali, idonsa a kan kwalaben humrar da ke jere a inuwa. "Kina tura kaya Kano da Abuja, kuɗi suna shigo miki ta waya, ba ki taɓa biyan ko sisi ba. Za a neme ki."

Na ukun ya kwashi kwalabe cikin kwali. Da ya miƙa hannu kan taga ya ɗauki wayar, sai Ya Kellu ta saki muciya ta riƙe masa hannun riga.

"Ɗana, ku tafi da littafin. Ku tafi da kwalaben duka. Wayar nan ku bar mini."

Ya zare hannunsa ba tare da ya kalle ta ba. Suka fice.

Na goya Mu'mina na leƙa waje. Farar mota ce mai buɗaɗɗen baya, ba ta da lamba, gilasanta baƙaƙe. Layinmu, wanda a irin wannan lokaci yake cike da yara da masu tallan awara, babu kowa. Mai shayi ya bar butarsa a kan wuta. Ƙofofi duk a rufe, amma na san akwai ido a bayan kowace.

Da na dawo, sukarin ya ƙone. Ya Kellu na tsaye a kan tukunyar, baƙin hayaƙi yana dukan fuskarta, ba ta matsa ba.

A waɗancan shekarun, a unguwarmu ta Umarari, mota marar lamba ba ta tsayawa ƙofar mutum don alheri. Mun ga ta tsaya a gidaje da yawa, ta tafi da samari, wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Ba wanda ke tambayar takarda. Wanda yake ɗaga hannuwansa sama kafin ya wuce shingen sojoji, da wane baki zai ce a nuna masa takarda?

Ya Kellu kuma tana da abin da ya sa zancen ya manne mata. Ɗanta guda ɗaya, Kashim, ya tafi fataucin kifi Baga kafin garin ya faɗa hannun 'yan bindigar daji, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wasu sun ce an kashe shi. Wasu, ƙasa-ƙasa, sun ce ya bi mutanen daji. Ita ba ta taɓa cewa komai ba, sai dai ba ta taɓa canza lambar wayarta ba, kuma ko garin tuwo babu a gidan sai ta kai wayar caji, ko zai kira.

Ni kuwa, tun da mijina Habib ya kawo ni layin ina amarya, ita ce uwata. Mahaifiyata tana Potiskum, hanya ba ta biyuwa. Da na haihu, Ya Kellu ce ta yi mini wankan jego, ita ce ta gasa wa Mu'mina cibiya, ita ce ke turara mini zannuwa. "Feronyi" take kirana, wato 'yata da Kanuri. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, gajeruwa, idan na taka turmi ina ganin tsakar gidanta.

Washegari na je ɗibar ruwa a famfon bakin masallaci. Ina isa hira ta mutu. Ya Kaltumi, wadda ke wanke gawar mata a unguwarmu, kuma ƙawar Ya Kellu tun suna 'yan mata, ta matsar da jarkarta daga kusa da tawa.

"Nda watu, Ya Kaltumi," na gaishe ta da Kanuri.

"Kilewa." Ba ta ɗago ba.

"Mutanen jiya fa na haraji ne. Ina wurin. Da kunnena na ji."

"Haraji," ta maimaita, ta dubi sauran matan. "Siddiƙa, shekarata nawa a garin nan? Mai haraji da rasit yake zuwa, da riga mai ƙyalli, ya tsaya bakin shago ku yi ta ciniki kamar na tumatir. Yaushe mai haraji ya fara shiga ƙarƙashin gado?"

"Wallahi haka suka ce."

"To me za su ce miki? Su ce mun zo duba wanda take waya da shi?" in ji wata daga baya. "Me ya sa wayar suka ɗauka?"

"Kuma wa yake sayen turare haka a daji-daji?" in ji wata. "An ce matan mutanen daji ma suna turare."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Ya Kaltumi ba ta yi ba. Ta ɗora jarkarta a ka, ta ce mini a hankali, "Kina da jaririya. Ki kama kanki."

Cikin mako guda komai ya tsaya. Uwar wata amarya da ta ba da aikin turaren biki ta aiko a ce ta fasa. Mai keken da ke kai mata saƙo tasha ya daina ɗaukar hanyar layinmu. 'Yan gora, samarin sa-kai da ke gadin unguwa, suka mayar da bencinsu daidai inda suke hango ƙofarta. Yaran da ke shiga tana ba su alawar madara, iyayensu suka hana su. Idan ta fito zubar da shara, maza su juya fuska wajen bango kamar masu duba tsaga.

Habib ya dawo daga gareji wata rana da yamma, bai ko wanke hannu ba ya ce, "Daga yau kar ki sake shiga gidan nan."

"Baban Mu'mina, ina wurin fa. Haraji ne."

"Na yarda da ke. Ni na yarda. Su wa kike so in je in rantse wa? Idan motar ta dawo ta same ki a ciki, haɗawa za su yi da ke. Wa zai shayar da yarinyar nan? Ni?"

Gaskiya ya faɗa. Na yi lissafina irin na uwa. Na daina bi ta ƙofar titi. Sai dai ban ɗauke turmina daga gindin katanga ba. Safe da yamma ina takawa in miƙa mata kunu ko tuwo, in ga ko ta sha maganin hawan jininta.

Ba ta sha. Ta daina hura wuta. Tukunyar da sukari ya ƙone a ciki tana nan inda aka bar ta, ƙudaje suna bi. Gidan da ƙamshinsa ke tarbar mutum tun daga kan kwana, yanzu warin kwata yake yi kamar kowane gida.

"Ya Kellu, ki ci ko loma biyu."

"Kaltumi ta wuce ɗazu," ta ce, tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, ƙafafunta a kumbure. "Na ji takunta. Na san takunta ko a cikin kasuwa. Ba ta ko rage sauri ba." Ta ture kwanon gefe. "Feronyi, ba talauci nake tsoro ba. Na yi shi a da. Idan na mutu a haka, wa zai wanke ni? Wa zai tsaya a sahu? Haka za a bar ni in kumbura a ɗaki, sai motar gwamnati ta zo ta kwasa?"

"Haba, daina faɗar haka."

"Da ma sun bar mini takarda. Ko 'yar ƙarama. Ko ta ce ana bina miliyan. In manna a ƙofa kowa ya karanta."

Daga ranar na san abin da nake nema. Ba kwalabe ba, ba littafi ba. Abin da zai nuna wa layinmu su wane ne suka zo. Kuma ba don ita kaɗai ba. Katangarmu ɗaya. Sunan da ya manne wa gidanta, gobe zai tsallako namu, Mu'mina ta tashi ana nuna ta da baki.

Na fara da Bulama Ajimi, mai unguwarmu. Ya saurare ni yana jan carbi, ya ce ba wanda ya sanar da shi zuwan kowa, kuma abin da ba a sanar da shi ba, ba ya sa bakinsa a ciki. Ya ce in gaida maigidana.

Sai na tsallaka gidan Malam Pindar, tsohon ma'aikacin kotu da ya yi ritaya, mutumin kudancin Borno. Matarsa tana sayen turare a wajen Ya Kellu duk Kirsimeti. Na same shi yana ba kajinsa dusa.

"Sun nuna takardar alƙali?" ya tambaya.

"Ba su nuna komai ba."

"Sun rubuta abin da suka ɗauka, ta sa hannu?"

"A'a."

Ya karkaɗe hannunsa. "A sanina, 'yata, mai haraji yana da ikon ya ce ki kawo littafinki ya duba. Ya rubuto miki, ya ba ki lokaci. Amma ya shiga ɗakin da mutum yake kwana, ya ɗauki kayansa, wannan sai da izinin alƙali. Haka muka yi aiki." Ya yi murmushin da ba daɗi. "To amma kin ga, wanda ya shiga ba takarda, ba ya barin sawu. Ki kai ƙarar wa? Motar da ba lamba?"

Shi ne ya gaya mini cewa an ba wani kamfani kwangilar zaƙulo masu sana'a a cikin gidaje, kuma ya kwatanta mini ofishinsu, a saman wani bene, hanyar Gomari. "Ki je da safe. Kar ki ɗaga murya. Kar ki ba su katin shaidarki su riƙe."

Na gaya wa Habib za ni awon Mu'mina, kuma na je awon, don ban iya ƙarya ba. Daga asibitin na hau keke.

Ofishin ɗaki biyu ne da fanka. Dogon mai farar riga yana ciki, a bayan tebur. Bai gane ni ba, ko ya yi kamar bai gane ba. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni: takarda kawai, mai hatimi, da ke cewa su ne suka je gidan Kellu mai turare a Umarari saboda haraji.

"Hajiya, mu ba ma binciken gidaje," ya ce. "Ziyarar tantancewa muke yi."

"To a rubuta ziyarar."

"Ba a ba da takarda kan aikin da ba a kammala ba."

"Ranka ya daɗe, a gabana aka shiga ɗakinta. Ina shayar da yarinyar nan."

Ya ajiye biro. "Kin san mata nawa ne a garin nan suke juya kuɗi a bayan labule, ba sa biyan komai? Da me za a gyara asibitin da kika fito? Idan muka aika takarda tukuna, kafin mu iso littafin ya shiga murhu. Doka ta ba mu dama mu duba."

"Ku duba. Ba ta hana ba. Amma unguwa ta ɗauka wani abu ne daban. Matar nan tana kwance."

"Abin da unguwa ta ɗauka ba aikin ofis ba ne." Ya dubi ƙofa. "Kuma in ba ki shawara, ki daina cewa an shiga ɗaki. Ba wanda ya shiga ɗaki."

Na fito. A kan matakala na tsaya gyara goyo, sai wani ƙamshi ya bugi hancina.

Ya Kellu tana da wata baƙar humra da ba ta sayarwa. Haɗin mahaifiyarta ne, tana yin kaɗan a shekara, ta ba wanda ta ɗauka nata. Ni ta ba ni ranar sunan Mu'mina. Mutum ɗaya na san ta ƙara ba.

Rakiya ke nan. Watanni kafin zuwan motar, wata matashiya ta yi sallama gidan Ya Kellu da kodaɗɗen hijabi, ta ce daga wajen Bama ta gudo, an kashe mijinta, tana so ta koyi sana'a. Ya Kellu ba ta karɓi ko kwabo ba. Tare muke cin abinci a kwano ɗaya. Ta iya goyo, Mu'mina tana barci a bayanta fiye da nawa. Tana da yawan tambaya: nawa ake tura wa Abuja, ta ina kuɗin ke shigowa, a ina ake rubutawa kar a manta. Mun ɗauka ƙwazo ne. Ana saura 'yan kwanaki motar ta zo, ta ce ta sami danginta, ta yi kuka, Ya Kellu ta cusa mata 'yar kwalba a hannu.

Ga ta tana hawowa matakalar, da leshi mai kyau, da jaka, da kati rataye a wuya. Ta ɗago muka haɗa ido. Mu'mina ta leƙo ta gefen kafaɗata, ta washe baki, ta miƙa mata hannu.

Na juya bayana gefen bango, na raba su.

"Kwalla ta uku," na ce. "Ke ce."

"Maman Mu'mina, don Allah, ba a nan ba." Ta ja ni ƙarƙashin matakala. "Aiki ne. Ni ma 'ya'ya gare ni. Cewa aka yi in gano girman cinikin kawai. Ban san za su shiga haka ba."

"Mijin da aka kashe fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Wannan gaskiya ne."

Na gaya mata komai: famfo, bencin 'yan gora, ƙafafun da suka kumbura, tambayar wa zai wanke ta. Ta toshe bakinta da gefen mayafi.

"Ba kuɗi nake nema ba," na ce. "Ki zo layinmu da rana tsaka, ki gaya wa mata ko su wane ne ku. Sun san fuskarki."

"Su san ni ɗin 'yar leƙen asiri ce? Kin san abin da ake yi wa irinmu a garin nan. Kuma a kore ni daga aiki. Ba zan iya ba."

"To wayar."

"Tana cikin durowar oga, a kulle."

"Kina shafa humrar uwarta kina zuwa ofis," na ce. Ban san zan faɗa ba, fitowa ta yi. Ba sai na kwatanta mata ba, ta san gidan. Na sauka na bar ta a wurin.

Malam Pindar kaɗai na gaya wa na ga Rakiya, Ya Kellu kuwa ban gaya mata ba. Har ta rasu tana sa ta a addu'a, tana cewa Allah ya sa dangin nata suna riƙe ta da kyau.

Ranar wata Laraba da hantsi na taka turmi da kofin kunu, na kira, ba amsa. Na hango ƙafarta a bakin ƙofar ɗaki. Ban tsaya tunanin ƙofar titi ko bencin 'yan gora ba, na zagaya da gudu na shiga. Ta faɗi a kan gefenta, bakinta ya karkace. Idonta a buɗe, ta gane ni. Na tallafo kanta a cinyata, ina karanta mata kalmar shahada, leɓenta yana bi. Hannunta mai motsi ya lalubo ƙafar Mu'mina da ke bayana, ya riƙe. Kafin a kira azahar ta cika.

Na rufe mata ido, na ɗaure haɓarta da ɗankwalina, na lulluɓe ta. Sannan na tsaya a tsakar gida na yi lissafi. Zafi ake yi. Dole a kai ta kafin dokar hana fita ta yamma. Ni ban taɓa wanke gawa ba.

Na kira Habib a waya. Ya yi salati, sannan ya ce, "Ga ni nan. Zan biya in sayo likkafani." Malam Pindar ya sa hularsa ya tafi gaya wa liman, daga nan ya ce zai hau keke zuwa wani wuri, bai faɗi ina ba.

Na bi gidaje da goyo. Wasu suka yi salati daga bayan ƙofa. Wasu suka ce maigidan ba ya nan. A gidan Ya Kaltumi na daɗe ina sallama kafin ta fito. Idonta jajir, ta riga ta ji.

"Ya Kaltumi, ƙawarki ce."

"Kin fi ni sani ne?" Ta fashe da kuka, ta dafa bango. "Jikokina maza biyar a gidan nan, Siddiƙa. Biyar, duk samari. Idan aka rubuta sunan waɗanda suka shiga gidan fa? Ki gaya mini. Ke uwa ce."

Na koma na ɗora ruwa a wuta, na ce idan ba kowa, zan yi yadda na iya, Allah ya ga niyyata.

Ruwan bai yi zafi ba na ji hayaniya a waje. Na leƙa. Keke ne ya tsaya a bakin layi, Malam Pindar ya sauko, a bayansa Rakiya. Ta ɗora riga mai ƙyalli a kan hijabinta, irin ruwan ɗorawar nan da ake hangowa daga nesa, an rubuta HARAJI da manyan baƙaƙe a gaba da baya. Katinta yana lilo a wuya. Ta rungumo kwalin kwalabe. Ba ta yi sauri ba. Ta bi tsakiyar layi a ƙasa, ta wuce mai shayi, ta wuce bencin 'yan gora, waɗanda suka miƙe tsaye suna karanta bayanta. Ƙofofi suka fara buɗewa.

"Wannan ba 'yar Bama ba ce?" wata ta ce. "Mai koyon turare?"

Rakiya ta tsaya a ƙofar Ya Kellu, ta ajiye kwalin. Ta ɗaga murya.

"Ni na kawo su. Mu ne muka zo da motar. Haraji ne, ba wani abu ba. Ba a sami komai a wayarta ba sai cinikin turare."

Sai ga Ya Kaltumi ta fito ba ko takalmi, ta ratsa mutane har gabanta. Ta dubi rigar, ta dubi fuskar.

"A kwanonta kika ci," ta ce. "La'ananniya. A kwanonta." Ta ɗaga hannu, na ɗauka mari ne, sai ta dafe kanta da shi. "Wayyo Kellu. Wayyo ni." Ta ture ta gefe ta shige gidan, tana kiran a kawo mata ganyen magarya da sabulu.

Mata uku suka bi ta. Ba duka ba. Wasu sun tsaya a ƙofofinsu suna cewa riga ai ana iya sayenta a kasuwa. Wani daga cikin 'yan gora ya fara matsowa wajen Rakiya, Malam Pindar ya shiga tsakani, ya rakata bakin titi. Kafin ta tafi ta zaro wayar daga jaka ta miƙo mini. Ta kai hannu za ta taɓa kan Mu'mina, na ja da baya. Ban sake ganinta ba, ban kuma san abin da ya same ta a ofis ba.

A sallar jana'iza sahu biyu aka yi, na biyun bai cika ba. Habib yana na farko, da baƙin mai a farcensa. Bulama Ajimi ya iso ana ɗaukar makara, ya sa kafaɗarsa. Sun dawo daga maƙabarta da sauran rana.

Da yamma, bayan mata sun watse, na kankare tukunyar da sukari ya ƙone a ciki, na kife ta. Na debo garwashi a kasko, na barbaɗa ɗan turaren da ya rage a ƙasan wata kwalla, na ajiye a bakin ƙofar ɗakinta. Wayar kuwa Habib ya kai ta caji ya dawo da ita. Na ɗora ta a kan taga, inda take zama, fuskarta a sama.

Mu'mina ta yi barci a bayana. Hayaƙin ya tashi siriri, ya tsallake katanga, ya bi layi.